Aji 11 a Amurka: yadda za ka shirya ɗanka neman jami'a, mataki-mataki

Tun da babbar 'yata ta shiga jami'a, da wuya a idar da sallar Juma'a a masallacinmu na Houston ba tare da wani ya ja ni gefe ba. Wasu kuma daga Bronx ko Maryland suke turo saƙon murya. Tambayar ɗaya ce: "Alhaji, yaushe ya kamata mu fara?" Yawanci idan na tambayi ajin yaron sai a ce yana aji 12, ko ya kusa shiga. A nan nake jin nauyin ba da amsa, domin rabin aikin ya riga ya wuce.

Mu da muka yi karatu a gida mun saba da jarrabawa ɗaya mai yanke hukunci. Ka yi WAEC ko NECO, ka yi JAMB, maki ya fito, a san inda aka dosa. A nan ba haka abin yake ba. Ana aika takardun neman jami'a ne tsakanin Oktoba da Janairu na aji 12, lokacin da sakamakon wannan ajin bai kammala ba. Saboda haka cikakkiyar shekara ta ƙarshe da jami'a za ta gani ita ce aji 11, wanda yaran ke kira juniya, daidai da SS2 a Najeriya. Malaman da za su rubuta wa yaro shaida na wannan ajin ne. Harajin da za a duba a yanke masa tallafi ma na wannan lokacin ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga tsarin da na bi da ƙanenta bayan na koyi darasi a kanta.

1. Agusta: karɓo takardar sakamako, duba darussa

A makon farko ka sa yaro ya karɓo takardar sakamakonsa ta aji 9 da 10 daga ofishin makaranta. Kyauta ce. Ku zauna ku karanta ta layi-layi. Abu uku za ka nema: matsakaicin makinsa da ake kira GPA, matsayinsa a cikin 'yan ajinsu idan makarantar tana jerawa, da duk darasin da ya faɗi ko ba a rubuta masa ba.

GPA iri biyu ne. Akwai wanda ƙololuwarsa 4.0, akwai kuma wanda ake ƙara wa nauyi saboda darussa masu wuya, ya kai 5.0 a makarantu da yawa. Idan yaro ya ce maka yana da 4.1, tambaye shi wanne ne a ciki.

Sai darussan bana. Jami'o'i masu tsauri suna so su ga Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da wani harshe na waje a kowace shekara, kuma suna duba ko yaro ya ɗauki masu wuyar da makarantarsa ke bayarwa: darussan AP (darussa ne masu matakin jami'a da ake yi a sakandare), ko tsarin IB na ƙasa da ƙasa, ko darussan da ake yi da haɗin gwiwar kwalejin shekara biyu a ba yaro makin jami'a tun yana sakandare. Makarantu suna ba da 'yan kwanaki a farkon zango don canza darasi. Idan wa'adin ya wuce, shi ke nan sai baɗi.

Gargaɗi: kada ka ɗora wa yaro AP biyar don ɗan maƙwabci ya ɗauki biyar. Biyu ko uku da zai ci da kyau sun fi biyar da za su hana shi barci su ja makinsa ƙasa. Jarrabawar AP a watan Mayu ake yinta, makinta daga 1 zuwa 5, amma tun kaka ake rajista, kafin tsakiyar Nuwamba. Kowace ɗaya kusan dala 100 ce, wanda ya makara ana ƙara masa dala 40, masu ƙaramin ƙarfi kuma ana rage musu idan sun tambaya.

Idan yaron ya yi JSS3 ko SS1 a gida kafin ku taho, jami'o'i za su nemi sakamakon waɗannan shekarun daga makarantar can, da hatiminta. Fara nema yanzu. Ka san yadda karɓo takarda daga nesa yake cin watanni.

2. Satumba: ku san malamar shawara, malamai su san yaro

Kowane ɗalibi yana da malamin shawara ko malamar shawara. Ita ce za ta aika wa jami'o'i takardar sakamako, ta rubuta wasiƙa a kan yaro, ta sa hannu a yafe muku kuɗin jarrabawa da na fom idan kun cancanta. Ƙungiyar masu wannan aiki ta ba da shawarar kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da ɗalibi 250, amma a ƙasar gaba ɗaya abin ya haura 350. Yaron da bai kai kansa ba, suna ne kawai a kwamfutarta.

Ka aika mata imel ka nemi ganawa ta minti 15, kai da yaron. Tambaye ta ko yana kan hanyar kammalawa, ranar da za a yi PSAT (jarrabawar share fage ta SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a), ko kun cancanci yafiyar kuɗi, da manhajar da makarantar ke amfani da ita wajen neman jami'a, Naviance ce ko Scoir ko wata.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su ƙura wa babba ido, kada su tsoma baki sai an tambaye su. A gida wannan ladabi ne, kuma ba na so su rasa shi. Amma malamin Amurka idan ya ga yaro a bayan aji kai a sunkuye shekara guda, abin da zai rubuta shi ne yaro ne mai natsuwa, ba shi da abin ƙarawa. Ka faɗa wa ɗanka ƙarara cewa ɗaga hannu a aji, da zuwa wurin malami bayan an tashi a tambayi abin da ba a gane ba, ba rashin kunya ba ne. Ya zaɓi malamai biyu tun yanzu ya bari su san shi.

3. Oktoba: PSAT

Makaranta ce ke shirya ta, a ranar karatu, a kwamfuta. Kuɗinta bai kai dala 20 ba, makarantu da yawa ma su suke biya. Makinta ba ya zuwa jami'a, shi ya sa yara ke raina ta. Amma ta aji 11 kaɗai ake shiga gasar tallafin National Merit da ita, kuma sau ɗaya ake samun damar. Kimanin ɗalibi 16,000 ne ke kaiwa matakin kusa da ƙarshe, kowace jiha da nata makin yankewa. Kyautar hukumar kanta dala 2,500 ce, amma wasu jami'o'i, irin su Jami'ar Alabama, suna ba waɗanda suka kai ƙarshe tallafi mai tsoka ƙwarai.

Wajen lissafin makin gasar, ɓangaren karatu da rubutu ninki biyu ake ƙirga shi a kan lissafi. Yaranmu da yawa sun fi ƙarfi a lissafi, don haka ɗan lokacin shirin da ake da shi a ba Turanci. A sauke Bluebook, manhajar da ake yin jarrabawar a cikinta, a yi gwaji ɗaya cikakke kafin ranar.

4. Kafin ƙarshen Disamba: zancen kuɗi

A nan zan daɗe, domin a nan muka fi yin asara.

Ba mu saba gaya wa 'ya'ya abin da muke samu ba. Ni ma na yi ta kauce wa zancen, har wata rana 'yata ta same ni a kicin da daddare ta ce, "Abba, ni ban san ko in sa rai da jami'ar nan ko in cire ba. Ka gaya min nawa za mu iya." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zaunar da yaron da mahaifiyarsa, ka faɗi adadin da za ka iya fitarwa a shekara ba tare da bashi ba. Da wannan adadin za a gina jerin jami'o'i.

Kada farashin da aka rubuta ya tsorata ka. Akwai jami'o'i masu zaman kansu da kuɗinsu na shekara, da ɗaki da abinci, ya haura dala 90,000, amma iyalai masu matsakaicin ƙarfi ba haka suke biya ba. Daga shekarar karatu ta 2025, Harvard ta ce iyalin da ke samun dala 100,000 ko ƙasa a shekara ba za su biya komai ba, waɗanda ba su wuce 200,000 ba kuma an ɗauke musu kuɗin koyarwa. MIT ma ta yi makamancin haka. Sau da yawa jami'a mai tsada a takarda ta fi ta jiharku araha a aljihu.

Yadda za ka gane naka: dokar tarayya ta wajabta wa kowace jami'a da ke karɓar tallafin gwamnati ta sa na'urar lissafin ainihin farashi a shafinta. Ka rubuta sunan jami'ar da kalmomin Net Price Calculator a wurin bincike, ka ɗauko takardar harajinka, cikin minti 20 za ta nuna maka kimanin abin da za ka biya. Ka yi wa jami'a biyar haka kafin yaro ya ƙwallafa rai a kan ko ɗaya.

Fom ɗin tallafin tarayya sunansa FAFSA. A aji 12 ake cika shi, galibi daga 1 ga Oktoba, amma harajin shekara biyu baya yake dubawa. Yaron da ya shiga aji 11 a Agustan 2025 zai shiga jami'a a 2027, kuma harajin 2025 za a duba masa. Wato shekarar da za a auna ku da ita tana ƙarewa ne a Disambar aji 11. Tallafin Pell na tarayya, wanda ba bashi ba ne, ya kai dala 7,395 a shekara ga mafi buƙata.

Gargaɗi ga masu tuƙin Uber, manyan motoci, kitso ko kanti: ku shigar da harajin wannan shekara daidai kuma a kan lokaci. Fom ɗin yana jawo bayanai kai tsaye daga hukumar haraji. Wanda ya kamata ya shigar bai shigar ba, ya toshe wa ɗansa tallafi. Kuma ku kula da masu cika haraji na unguwa da ke raba miji da mata da ke gida ɗaya, kowa a rubuta shi shugaban gida don a ƙara kuɗin da za a dawo masa. Ofisoshin tallafi na jami'a sun san wannan, za su tsayar da komai sai an gyara.

Fom ɗin yana tambayar abin da ke cikin asusun banki a ranar da aka cika shi. Idan kai ne uban adashi, ko kuɗin ƙungiya a hannunka suke, kada su kwana a asusunka na kanka a lokacin, za a ƙirga su a matsayin naka. Fili ko gidan haya da kake da shi a Kano ko Maraɗi dukiya ce da ake bayyanawa, a juya darajarta zuwa dala. Kuɗin da ke asusun yaro kashi 20 cikin 100 ake ƙirgawa, na iyaye kuma bai kai kashi 6 ba, don haka tara kuɗin makaranta da sunan yaro a asusun banki na yau da kullum ba dabara ba ce. Abin da kake aika wa iyaye da 'yan'uwa a gida FAFSA ba ta san da shi ba. Amma jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna neman wani fom na biyu, CSS Profile, wanda ke da wurin bayanin hali na musamman. Ka adana rasit ɗin aike-aikenka na shekarar. Wannan fom dala 25 ne a jami'ar farko, 16 a kowace ƙari, kyauta ga iyalin da ba su wuce dala 100,000 ba.

Tallafin tarayya na ɗan ƙasa ne, da mai katin zama na dindindin, da wanda aka ba mafaka. Matsayin yaron ake dubawa. Wanda yake zaune a kan bizar aikin mahaifinsa ba ya ciki, sai ya nemi jami'o'in da ke ba da nasu kuɗin. Ɗan SS2 da ke gida yana son zuwa Amurka ma hanyarsa daban ce, ya fara da ofishin EducationUSA na Abuja ko Legas.

Saura zancen riba. Takardar tallafin da jami'a za ta aiko tana cakuɗa kyauta da bashi a shafi ɗaya, duka a kira su tallafi. Bashin tarayya yana da ruwa. Ɗan shekarar farko ana ba shi har dala 5,500, wani ɓangare ruwansa ba ya fara hawa sai ya bar makaranta, ɗaya ɓangaren tun ranar da aka bayar. Idan gidanku ba ya taɓa bashi mai ruwa, yanzu ne lokacin faɗa da tambayar malamai, domin hakan zai sauya jerin jami'o'in gaba ɗaya. Kada a bari sai Afrilun aji 12 yaro na riƙe da takardar shiga yana kuka.

5. Disamba: a zauna a yi jarrabawar zango

A shekarar aji 11 na 'yata aka sa bikin ƙanwar mahaifiyarta. Tikitin farkon Disamba ya fi araha, muka kwashe yara muka tafi mako huɗu. Ta rasa jarrabawar ƙarshen zango a darussa biyu. Ta rama ɗaya bayan mun dawo, ɗayan kuma makin ya faɗi, matsayinta a aji ya zame ƙasa da layin da take buƙata, kuma bai dawo ba. A Texas doka ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 90 cikin 100 na kwanakin darasi kafin a rubuta masa shi. Ban san da wannan ba sai da wasiƙa ta zo. Har yau abin yana damuna.

Ka duba kalandar makaranta kafin ka sayi tikiti. Idan tafiyar dole ce, yaron aji 11 ya zauna wurin ɗan'uwa ya biyo ku bayan ya gama.

6. Janairu zuwa Maris: shirye-shiryen bazara da darussan baɗi

Shirye-shiryen hutun bazara masu daraja tun sanyi suke rufe karɓar fom. MITES na MIT kyauta ne, na 'yan aji 11 masu son kimiyya da injiniya, yana rufewa farkon Fabrairu. QuestBridge tana da shiri na 'yan aji 11 masu ƙoƙari daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, galibi waɗanda ke samun ƙasa da dala 65,000 a iyali mai mutum huɗu, yana rufewa a Maris. Duka biyun suna neman wasiƙar malami, don haka a tambaya tun Janairu.

Gargaɗi: wasiƙu masu ƙyalli za su fara zuwa gida, ana taya yaro murna wai an zaɓe shi zuwa wani taron shugabanci, a biya dala dubu uku ko biyar. Talla ce. Biyan kuɗin zama mako biyu a harabar babbar jami'a ba ya buɗe ƙofarta. Aikin kanti a bazara ya fi irin wannan nauyi a fom.

A wannan lokaci ne kuma ake zaɓen darussan aji 12. Kada a sassauta, jami'o'i suna ganin jerin. Mai son injiniya ya tabbata lissafinsa ya kai kalkulas, kuma ya yi fiziks.

7. Maris zuwa Yuni: SAT ko ACT

Ɗaya ta isa, jami'o'i ba sa fifita wata. SAT yanzu a kwamfuta ake yinta, awa 2 da minti 14, maki daga 400 zuwa 1600, kuɗinta kusan dala 70. ACT makinta daga 1 zuwa 36. Yaro ya yi gwajin kowace ɗaya a gida da agogo, ya riƙe wadda ta fi masa. Wanda ya cancanci yafiya ana ba shi SAT biyu kyauta, makarantu da yawa kuma suna yin ɗaya kyauta a ranar karatu.

Za ka ji ana cewa an daina neman jarrabawa. Jami'o'i da yawa sun bar wa ɗalibi zaɓi, Jami'ar Kalifoniya ma ba ta dubawa ko an aika. Amma MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024, haka ma Jami'ar Texas da ke Austin. Tallafin wasu jihohi ma da ita aka ɗaure shi, kamar Zell Miller a Jojiya da ke neman GPA 3.7 da maki 1200. Yaro ya yi ta. Idan makin bai yi kyau ba, a lokacin sai a yanke shawarar inda za a aika da inda ba za a aika ba.

Shiri: Khan Academy kyauta ce kuma da haɗin gwiwar masu jarrabawar aka yi ta. Minti 30 kullum na wata uku, da cikakken gwaji a Bluebook duk bayan mako biyu, sannan a zauna a bi kowace tambayar da aka faɗi a gano dalili. Wannan bibiyar ita ce ke ɗaga maki. Ɗana ya yi sau biyu, a Mayu da Agusta, kuma jami'o'i da yawa suna ɗaukar mafi kyawun makin kowane ɓangare daga zama daban-daban su haɗa.

Gargaɗi biyu. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, sai jarrabawar Maris ta zo wa yaro ga tarawihi ga sahur ga ƙarancin barci. A duba kalanda, idan sun haɗu a zaɓi Mayu ko Yuni. Na biyu, sunan da aka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na katin shaida harafi da harafi. Muhammad a fom, Mohammed a kati, za a iya mayar da yaro daga bakin ƙofa. Ku zaɓi rubutun da ke fasfo ku riƙe shi a kowace takarda.

8. Hutun Maris da Afrilu: jerin jami'o'i

Takwas zuwa goma sha biyu sun isa. A raba su uku: waɗanda shigarsu ke da wuya ga kowa, waɗanda makin yaro ya yi daidai da na ɗalibansu, da aƙalla biyu da kun tabbata zai samu kuma kun tabbata za ku iya biya. Wannan kashi na uku aka fi sakaci da shi, kuma shi ne ke ceton shekara. Kwalejin shekara biyu ta unguwa, daga baya a koma jami'a, hanya ce mai mutunci kuma digirin ƙarshe ɗaya ne.

Ka san dokar jiharka. A Texas tun 1997 wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsu yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jiha, sai dai ta Austin ta matse nata zuwa kashi 5 ga masu shiga a 2026, kuma gurbin jami'a ba alƙawarin fannin da kake so ba ne. Matsayin ƙarshen aji 11 ake amfani da shi. A New York akwai tallafin Excelsior a CUNY da SUNY, jami'o'in gwamnati na birnin da na jihar, ga iyalin da ba su wuce dala 125,000 ba.

Don sanin gaskiyar jami'a, ka nemi takardarta mai suna Common Data Set. Sashen C7 yana nuna abin da suka fi ba nauyi wajen zaɓe, C9 yana nuna makin waɗanda suka ɗauka.

Ga masu burin ɗa likita: a nan ba a shiga likitanci daga sakandare kamar a ABU ko BUK. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, a yi jarrabawar MCAT, sannan makarantar likitanci wata shekara huɗu. Lauya ma sai bayan digirin farko. Don haka kada ka ƙarar da ƙarfinka a digirin farko.

Idan kun je ziyara, bayan zagayen da za a yi da ku, ku nemi ɗaliban MSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ku tambaye su inda ake Juma'a, ko ɗakin cin abinci yana da halal, da yadda ake yi da azumi. Jami'o'i da yawa suna tilasta wa ɗan shekarar farko kwana a makaranta. Idan ba ka yarda 'yarka ta yi nisa ba, ko sai a ɗakin kwana na mata zalla, ka faɗa yanzu, ku duba tare. Akwai kwalejojin mata masu suna irin su Wellesley, Smith, Barnard da Spelman.

9. Rubuta ayyukan bayan aji

Common App, fom ɗin bai-ɗaya da ake neman jami'o'i da yawa da shi, yana da gurbi 10 na ayyuka, kowanne da bayanin da bai wuce harafi 150 ba, kuma yana tambayar awa nawa a mako, mako nawa a shekara. Yaranmu sukan ce ba su da abin rubutawa don ba sa ƙwallo ba sa kiɗa. Suna da shi. Haddar Alƙur'ani aiki ne na shekaru. Koyar da ƙanana a Islamiyya ranar Lahadi, rainon ƙanne yayin da uwa ke aikin dare, tsaron kantin uba, duk suna shiga, fom ɗin ma yana da rukuni na hidimar iyali. A wurin harsuna kuma a rubuta Hausa.

An koya mana yabon kai jahilci ne. Amma faɗin cewa ka koyar da yara 12 awa uku kowane mako na shekara biyu ba yabo ba ne, bayani ne. A buɗe takarda yanzu a riƙa rubutawa kafin a manta.

10. Afrilu da Mayu: wasiƙun malamai

Kafin a tafi hutu yaro ya je da ƙafarsa wurin malaman nan biyu, zai fi kyau ɗaya na lissafi ko kimiyya ɗaya na Turanci ko tarihi, ya roƙe su wasiƙar shaida. Malaman da aka fi so suna ƙayyade adadin da za su rubuta, wanda ya bari sai Oktoba zai tarar an cika. Ya ba su shafi ɗaya na ayyukansa da abin da ya fi tunawa a ajinsu. Fom zai tambaye shi ko ya yafe haƙƙin ganin wasiƙar. Ya ce ya yafe, jami'o'i sun fi yarda da irin wannan. Wasiƙar limami ko ta abokin uba mai muƙami ba ta maye gurbin ta malamin aji.

11. Yuni zuwa Agusta: insha'i da kalanda

Babban insha'in Common App kalma 250 ne zuwa 650. Rubutun 'yata na farko cike yake da son taimakon al'umma da godiya ga iyaye da suka sha wahala. Gaskiya ne, amma ɗalibi dubu za su rubuta irinsa. Malamarta ta ce ta kawo rana ɗaya tak. Sai ta tuna ranar da ta raka kakarta asibiti tana shekara 13. Hajiya ta ce, "Gaya musu zuciyata ce ke tashi." Yarinya ta juya maganar zuwa Turanci yadda ta ji ta, nan da nan aka jawo na'urar gwajin zuciya, alhali amai tsohuwa take ji. Daga ranar ta fara rubuta kalmomin ciwo na Hausa da ma'anarsu a wani ƙaramin littafi. A kan wannan littafin ta yi insha'inta.

Aikinka a nan ka tuna wa yaro labarai, ka karanta sau ɗaya idan ya ba ka. Kada ka rubuta masa, kada ka biya a rubuta masa. Common App ta ɗauki rubutun da manhaja ko wani mutum ya yi a matsayin zamba.

Fom ɗin sabuwar shekara yana buɗewa 1 ga Agusta, amma ɗan aji 11 zai iya buɗe asusu tun kafin nan, bayanansa su bi shi. Ya yi amfani da imel nasa na kansa mai sunansa, ba na makaranta ba. Kowace jami'a kuɗin fom ɗinta yawanci dala 50 zuwa 90, mai yafiya ba ya biya.

Sai a rubuta ranakun rufewa. Early Action galibi 1 ga Nuwamba ne, ana samun amsa da wuri kuma ba a ɗaure ka ba. Ta Austin tata 15 ga Oktoba ce. Early Decision kuwa alƙawari ne: yaro da uba da malamar shawara duk suna sa hannu cewa idan an ɗauke shi zai je ya janye sauran, ba tare da ya kwatanta tallafinsu ba. Mai ƙirga kuɗi kada ya sa wannan hannun sai ya gwada na'urar farashin jami'ar ya gamsu. QuestBridge ta 'yan aji 12 tana rufewa ƙarshen Satumba, Jami'ar Kalifoniya wajen ƙarshen Nuwamba da nata fom daban, sauran kuma yawanci farkon Janairu.

Mu a babbar takarda muka rubuta su muka manna a jikin firji: sunan jami'a, ranar rufewa, ƙananan insha'in da take nema, ko tana son CSS Profile, da kimanin kuɗin da na'ura ta nuna. Kowace ranar rufewa kuma muka ja ta baya da mako guda, saboda takardar sakamako da wasiƙun malamai ba daga hannunku suke fita ba, kuma makarantu da yawa suna son a sanar da su mako biyu ko uku kafin su aika.